Sola ta yi araha, fasaha ta bunƙasa, me ya hana hayaƙin kabon raguwa?

Malama:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina so mu tattauna wata tambaya da nake ganin ana yawan kauce mata idan ana maganar sauyin yanayi. Tsakanin shekarar 2010 da 2020 farashin farantan sola ya faɗi da kusan kashi 90 cikin ɗari, farashin batiran litiyam ma ya bi sahu, kuma a 2023 makamashi mai sabuntuwa, wato ruwa da iska da hasken rana da dangoginsu, ya samar da kashi 30 cikin ɗari na wutar lantarkin duniya. Amma a wannan shekarar ce kuma hayaƙin kabon da ke fita daga ƙona kwal da man fetur da iskar gas, haɗe da na masana'antu, ya kai kimanin tan biliyan 37, adadin da ba a taɓa kaiwa ba kafin lokacin. Kabon da ya taru a sararin samaniya, wanda bai wuce 280 cikin kowane miliyan ba kafin zamanin masana'antu, yanzu ya haura 420.

Ra'ayina shi ne mun shagala da ƙirga abin da aka gina, mun bar ƙirga abin da aka rufe. Idan aka kafa sabuwar tashar sola alhali tsohuwar tashar kwal tana ci gaba da aiki yadda ta saba, wuta ta ƙaru, amma hayaƙin yana nan inda yake. Da wannan ma'aunin nake son mu auna fasaha da makamashi mai sabuntuwa da cinikayya tsakanin ƙasashe: wanne daga cikinsu ya taɓa sa aka kashe wani tanderu ko wani inji, kuma a wane hali?

Injiniya:
Wa alaikumus salam, Malama. Na yarda da ma'aunin, amma akwai abubuwa biyu da ya kamata a ɗora a kansa. Na farko, wutar lantarki kusan kashi ɗaya bisa biyar ce kawai na makamashin da mutane ke amfani da shi kai tsaye. Ragowar yana tafiya ne a tankunan motoci da jirage, da tanderun masana'antu, da ɗumama gidaje a ƙasashe masu sanyi, da girki. Saboda haka kashi 30 ɗin da kika ambata yanki ne na wani yanki, shi ya sa har yanzu kwal da mai da gas ke riƙe da kusan kashi 80 cikin ɗari na dukkan makamashin duniya.

Na biyu, buƙatar wuta tana ƙaruwa kowace shekara, kuma ba don sola da iska ba, da kwal da gas ne za su cike wannan giɓin. Kwamitin masana sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya, a rahotonsa na 2014, ya ƙiyasta cewa kowane kilowat ɗaya na awa guda da aka samu daga kwal yana zuwa da hayaƙin da ya kai kimanin giram 820, na gas 490, na sola bai kai 50 ba, na iska da na nukiliya kuwa kusan 12 ne, kuma an haɗa har da hayaƙin ƙera kayan da kafa su. Tazarar tana da faɗi ƙwarai.

Kuma maye gurbin da kike nema ya riga ya faru a wasu wurare. A Landan aka buɗe tashar kwal ta farko mai ba jama'a wuta a 1882. A 2012 kwal ne ke ba Birtaniya kusan kashi 40 cikin ɗari na lantarkinta, amma ranar 30 ga Satumba 2024 ta rufe tasharta ta ƙarshe a Ratcliffe-on-Soar. Hayaƙin da ke fita daga cikin ƙasar yanzu kusan rabin na 1990 ne.

Alhaji:
Injiniya, Allah ya ƙara basira, amma misalin Birtaniya shi ne ainihin inda nake da ja. Duk wanda ya yi harkar shigo da kaya ya san inda masana'antun suka koma. Wayar da Bature ke riƙe da ita, da tufafinsa, da ƙarfen da aka gina ofishinsa, da yawansu a Asiya aka yi su, kuma da wutar kwal. Dokar lissafi ta yarjejeniyar sauyin yanayi ta Kyoto ta 1997 da ta Paris ta 2015 ita ce kowace ƙasa ta ƙirga hayaƙin da ya tashi a cikin iyakokinta, don haka hayaƙin kayan yana shiga littafin wanda ya ƙera, mai saye kuwa ya tashi da hannu fes. Wannan kamar mutum ne ya share ɗakinsa ya tura sharar ƙofar maƙwabcinsa, sannan ya fito yana nuna wa jama'a tsabtarsa.

Ku dubi jerin shekarun. Sin ta shiga Ƙungiyar Cinikayya ta Duniya a Disambar 2001, kuma zuwa wajajen 2006 ta riga ta zarce Amurka a yawan hayaƙi. Yau kusan kashi 30 cikin ɗari na hayaƙin duniya nata ne. Masu bincike sun ƙiyasta cewa tsakanin kashi ɗaya bisa biyar zuwa ɗaya bisa huɗu na hayaƙin duniya yana fitowa ne wajen yin kayan da za a tsallaka da su iyaka. To ina raguwar take, idan ba sauya mazauni aka yi ba?

Malama:
Alhaji, rabin maganarka gaskiya ce, kuma rabin mai nauyi ne. Idan aka sake lissafin bisa abin da mutanen ƙasa suka saya suka yi amfani da shi, raguwar Birtaniya da ta wasu ƙasashen Turai ba ta kai yadda ake tallata ta ba. Sai dai ko a wannan lissafin ma akwai raguwa ta haƙiƙa, musamman tun bayan 2007, domin wutar da ke haska gidajen Landan ba daga Shanghai ake kawo ta ba. Haka kuma mafi yawan hayaƙin Sin na abin da ake amfani da shi a cikin ƙasar ne: birane da tituna da gadoji da layukan dogo da ta gina wa kanta cikin shekara 30.

Akwai wani tsari da yake taimaka mini wajen warware wannan ƙulli. A 1991 masana tattalin arziki biyu, Gene Grossman da Alan Krueger, lokacin da suke nazarin yarjejeniyar ciniki da ake shirin ƙullawa tsakanin Amurka da Kanada da Meziko, sun nuna cewa ciniki yana taɓa muhalli ta hanyoyi uku a lokaci guda. Yana ƙara yawan abin da ake samarwa, wanda ke ƙara hayaƙi. Yana sauya irin sana'ar da kowace ƙasa ta fi mayar da hankali a kai, wanda ke kai hayaƙi wani wuri ya ɗauke shi daga wani. Sannan yana yaɗa sabbin hanyoyin aiki da injuna masu inganci, wanda ke rage shi. Sun kuma lura cewa wasu nau'o'in gurɓatar iska a birane suna ƙaruwa yayin da ƙasa ke fara samun arziki, sannan su sauka idan ta kai wani matsayi.

Mutane da yawa sun ɗauki wannan binciken suka ce a bar arziki ya bunƙasa, hayaƙi zai sauka da kansa. A nan ne nake ganin kuskure. Hayaƙin da ke shaƙe mutane a birninsu, su ne za su tashi su matsa wa hukuma lamba ta kawar da shi. Kabon kuwa ba ya wari, ba a ganinsa, kuma cutarsa tana rarrabuwa a kan duniya baki ɗaya har zuwa jikoki, don haka babu wani birni da zai ji zafin nasa shi kaɗai har ya yi gaggawar magance shi.

Ɗalibi:
Malamaina, ina da tambaya. Idan har ciniki na da wannan illar, ashe ba zai fi kyau kowace ƙasa ta riƙa yin kayanta a gida ba, ko don a huta da hayaƙin jiragen ruwan da ke yawo da kwantena daga wannan nahiya zuwa waccan?

Injiniya:
Tambaya mai kyau, ƙanena, amma alƙaluman ba su goyi bayan hakan ba. Fiye da kashi 80 cikin ɗari na nauyin kayan cinikin duniya ta ruwa yake bi, amma duk jiragen ruwan nan hayaƙinsu bai wuce kusan kashi 3 cikin ɗari na jimillar duniya ba. Babban jirgi yana ɗaukar tan guda ya yi tafiyar kilomita ɗaya da hayaƙin da bai kama ƙafar na tirela ba, balle na jirgin sama. Kuma fiye da kashi ɗaya bisa uku na abin da jiragen ke ɗauka kwal ne da ɗanyen mai da gas, wato idan aka rage ƙona su, zirga-zirgar ma za ta ragu da kanta.

Abin da ya fi nisan tafiya muhimmanci shi ne da wace wuta aka yi kayan. Ɗauki alminiyam. Narka tan ɗaya yana cin kimanin kilowat 14,000 na awa guda. Ƙasar Aisland ba ta da ma'adinin ko kaɗan, jirgi ne ke kawo mata garinsa daga nesa, ta narka shi da wutar ruwa da ta zafin ƙarƙashin ƙasa, sannan jirgi ya sake kwashewa. Duk da wannan kai-kawon, tan ɗinta ya fi wanda aka narka da wutar kwal tsabta nesa ba kusa ba, domin kilowat 14,000 na kwal kaɗai ya haura tan 11 na hayaƙi. A irin wannan hali ciniki ne ya rage hayaƙi. Da kowa zai dage sai ya narka nasa a gida da wutar da yake da ita, da abin ya fi haka muni.

Dattijo:
Na daɗe ina bin maganganunku, kuma ina so in ja hankalinku ga fasaha, domin na ga kamar an ba ta amana da wuri. A 1865 wani masanin tattalin arziki ɗan Ingila, William Stanley Jevons, ya lura cewa da injunan tururi suka ƙara inganci, suka riƙa yin aiki mai yawa da kwal kaɗan, cin kwal a ƙasar bai ragu ba, ƙaruwa ya yi, domin aikin inji ya yi araha, kowa ya nemi inji. Abin da ya gani bai tsufa ba. Injin motar yau ya fi na shekara 40 da suka wuce tsimin mai, amma sai aka mayar da ribar wajen ƙera manyan motoci masu nauyi, har a 2023 irin waɗannan suka kai kusan rabin sabbin motocin da aka sayar a duniya. Ƙwan fitila na zamani yana cin kusan kashi ɗaya bisa biyar na wutar tsohon ƙwai, sai ga shi an haskaka wuraren da a da ba wanda ya yi tunanin sa musu fitila. Kwamfuta tana ƙara inganci kullum, amma cibiyoyin adana bayanai sun kai ga cin kusan kashi 1.5 cikin ɗari na lantarkin duniya a 2024, kuma buƙatarsu hawa take yi. Ni dai a ganina ɗan Adam bai taɓa samun rangwame ya ajiye ba, ƙara saye yake yi.

Malama:
Baba, Allah ya ƙara girma, wannan gargaɗi ne da ya dace. Zan ƙara da cewa ba ko'ina abin yake cinye ribar gaba ɗaya ba. Wanda firjinsa ya rage cin wuta da rabi ba zai sayi firji huɗu ba, kuma akwai iyaka ga awannin da mutum zai iya yi a bayan sitiyari. Inda abin ya fi ƙarfi shi ne inda buƙata ba ta riga ta ƙoshi ba, wato a masana'antu da kuma ƙasashen da jama'arsu ke fara samun wuta da abin hawa, kuma ba na jin akwai mai adalcin da zai ce laifi ne talaka ya ƙara kunna fitila.

Darasin da na ɗauka daga Jevons shi ne inganci kaɗai ba ya rufe tashar kwal sai an haɗa shi da iyaka. Tarayyar Turai ta kafa kasuwar takardun izinin fitar da hayaƙi a 2005: an ƙayyade jimillar da tashoshin wuta da manyan masana'antu za su fitar, ana rage ta shekara bayan shekara, duk mai son fitarwa sai ya mallaki takarda. A shekarun farko an raba takardun da yawa har suka zama ba su da daraja, sai da aka ƙara tsuke tsarin kafin ya fara cizo. Yanzu hayaƙin ɓangarorin da ke ƙarƙashinsa ya sauka da kusan rabi idan aka kwatanta da 2005. Birtaniyar da Injiniya ya kawo ma, ƙarin harajin kabon da ta ɗora wa tashoshin wuta daga 2013 yana cikin manyan abubuwan da suka sa kwal ya daina biyan kuɗinsa.

Alhaji:
Malama, tunda kin kawo Turai, bari mu bi ta har bakin iyakarta. Da suka ga masana'antunsu na biyan kuɗin kabon alhali na waje ba sa biya, sai suka ƙirƙiro harajin kabon na kan iyaka. Tun Oktoban 2023 aka fara tilasta wa masu shigo da kaya bayar da rahoton hayaƙin da ke tattare da su, aka kuma sa 2026 a matsayin farkon cikakken tsarin, a kan siminti da ƙarfe da alminiyam da takin zamani da lantarki da haidurojin. A takarda abin yana da ma'ana, har ma yana amsa ƙorafin da na yi ɗazu. Amma ku dubi wanda zai ji a jikinsa. Ƙasa kamar Mozambik, wadda alminiyam ya daɗe yana cikin manyan kayan da take sayar wa Turai, tana cikin waɗanda tsarin ya fi shafa, alhali nahiyar Afirka gaba ɗayanta ba ta kai kashi 4 cikin ɗari na hayaƙin duniya ba. Ƙaramin kamfani ma kuɗin ɗaukar ƙwararrun da za su auna masa hayaƙi su cike takardu kaɗai ya isa ya fitar da shi daga kasuwa. Kuma kuɗin da aka tara a aljihun Turai zai zauna.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne tufka da warwarar da ake yi. Turai ta sa wa farantan sola na Sin shingen kuɗin fito daga 2013 zuwa 2018. A 2024 Amurka ta ɗaga kuɗin fito a kan motocin lantarki na Sin zuwa kashi 100 cikin ɗari, na ƙwayoyin sola, wato ƙananan sassan da ake haɗa faranti da su, zuwa kashi 50. Ana cewa duniya na cikin haɗari, a gaggauta, sannan ana tsauwala farashin maganin.

Injiniya:
Alhaji, a kan wannan na biyun ina tare da kai, domin tarihin sola kansa tarihin ciniki ne. A Amurka aka ƙera ƙwayar sola ta silikon ta farko mai amfani, a ɗakin binciken Bell a 1954, tana mayar da kusan kashi 6 cikin ɗari na hasken da ya sauka a kanta zuwa wuta, kuma tsadarta ta sa aka daɗe ba a amfani da ita sai a taurarin ɗan Adam da makamantansu. Jamus ce ta buɗe mata babbar kasuwa da dokarta ta shekarar 2000, wadda ta tabbatar wa duk mai faranti farashi mai tsoka na tsawon shekara 20. Kamfanonin Sin suka ga kasuwar, suka gina manyan masana'antu, kuma duk lokacin da yawan abin da aka ƙera a duniya ya ninka, farashi yana sauka da kusan kashi ɗaya bisa biyar. Yau fiye da kashi 80 cikin ɗari na kowane mataki na ƙera faranti a Sin yake. Ba ƙasa ɗaya da za ta iya wannan tafiyar ita kaɗai.

Sakamakon ya bayyana a Pakistan, wadda a 2024 kaɗai ta shigo da farantan da ƙarfinsu ya kai kimanin gigawat 17, kuma mafi yawansu manoma da masu masana'antu da magidanta ne suka saya da kuɗinsu saboda tsadar wutar gwamnati. Gaskiya ne cewa da wutar kwal ake tace silikon ɗin a wurare da dama, amma faranti yana biyan bashin makamashin da aka ƙera shi da shi cikin shekara ɗaya zuwa biyu, sannan ya yi aiki shekara 25 ko fiye. Dalilin ƙasashen da ke sa shingen shi ne tsoron dogaro da ƙasa guda da kuma kare ayyukan yi, kuma ba dalili ne na banza ba, amma kowace shekarar jinkiri hayaƙi ce da ba za ta dawo ba.

Ɗalibi:
Injiniya, to motar lantarki fa? Na sha jin ana cewa idan da wutar kwal ake cajinta, ba ta da bambanci da mai shan fetur.

Injiniya:
Mu yi lissafin tare. Lita ɗaya ta fetur idan ta ƙone tana fitar da kimanin kilo 2.3 na kabon. Motar da ke shan lita 7 a kilomita 100 ke nan tana fitar da kusan kilo 16 daga salansarta, ban da hayaƙin haƙo man da tace shi. Motar lantarki matsakaiciya tana cin kusan kilowat 20 na awa guda a wannan tafiyar. Idan wutar kwal ce zalla, sai ka ninka da giram 820, ka samu kusan kilo 16, wato sun yi kunnen doki. Idan wutar gas ce, kusan kilo 10 ne. Idan ta iska ce ko ta ruwa, ba ta kai kilo ɗaya ba. Ƙera batirin yana ƙara mata nauyin hayaƙi tun daga masana'anta, wanda take biya a hankali. Bambancin shi ne motar fetur yadda aka saye ta haka za ta mutu, ta lantarki kuwa tana ƙara tsabta duk lokacin da aka rufe wata tashar kwal a layin da take sha.

Inda abin ya fi wuya shi ne siminti. Ana gasa dutsen farar ƙasa ne a tanderu mai juyawa har zafin ya kai digiri 1,450, kuma dutsen da kansa yake sakin kabon idan ya gasu, kusan kilo 440 a kowane tan. Fiye da rabin hayaƙin siminti daga nan yake fitowa, don haka ko da hasken rana aka hura tanderun, wannan kason yana nan, sai dai a rage yawan gasasshen dutsen a cikin haɗin ko a kama iskar kafin ta fita. Siminti da ƙarfe kowannensu yana da alhakin kusan kashi 7 zuwa 8 cikin ɗari na hayaƙin duniya. A Suwidin an yi nasarar yin ƙarfe da haidurojin maimakon kwal a 2021, amma har yanzu ɗan kaɗan ne idan aka kwatanta da kusan tan biliyan 1.9 da duniya ke narkawa a shekara.

Dattijo:
Kada a manta da inda kayan batirin ke fitowa. Kusan kashi 70 cikin ɗari na kobalt ɗin duniya daga Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango ake haƙo shi, wani ɓangare da hannu a ramuka masu haɗari, amma a Sin ake tace mafi yawansa, ribar tana can. Indonesiya ta ƙi yarda da wannan rabon, ta hana fitar da ɗanyen nikel a 2020, masana'antun tacewa suka taso a tsibirin Sulawesi, sai dai da sabbin tashoshin kwal na kansu ake kunna su. Ga kuma Norwe, inda kusan tara cikin goma na sabbin motocin da aka sayar a 2024 na lantarki ne, wutarta kuma kusan duka ta ruwa ce, amma ita ce babbar mai sayar wa Turai gas, kuma hayaƙin man da gas ɗin da take fitarwa waje ba ya shiga littafinta. Abin da Alhaji ya faɗa game da mai saye, ga shi ya dawo ta ɓangaren mai sayarwa.

Malama:
Baba ya kawo mu inda nake ganin ƙullin yake, wato kuɗi. Tashar gas ba ta da tsadar ginawa sosai, amma kullum sai an sayi gas ɗin da za ta ƙona. Tashar sola kuwa kusan duk kuɗinta a ranar farko ake zubawa, bayan haka rana kyauta ce. Saboda haka farashin wutarta ya rataya ne a kan kuɗin ruwan bashin da aka gina ta da shi. Ga misali don a gani: idan aka ci bashin dala miliyan 100 na shekara 20 a kan ruwa kashi 4 cikin ɗari, za a riƙa biyan kusan miliyan 7.4 a shekara. Idan ruwan kashi 12 ne, biyan ya zama kusan miliyan 13.4. Faranti iri ɗaya, daga masana'anta ɗaya, amma wutar ta kusa ninka tsada. Hukumar Makamashi ta Duniya ta nuna cewa kuɗin jari na irin waɗannan ayyuka a ƙasashe masu tasowa yakan ninka na ƙasashe masu arziki sau biyu ko fiye. Wannan ne ya sa Afirka, nahiyar da ta fi ko'ina rana, inda kusan mutum miliyan 600 ba su da lantarki a kudu da Sahara, take da ɗan ƙaramin kaso na farantan duniya.

Ba wai ba a iyawa ba ne. Kenya tana samun kusan kashi 90 cikin ɗari na wutarta daga makamashi mai sabuntuwa, babban kaso daga zafin ƙarƙashin ƙasa a Olkaria. Amma alkawarin dala biliyan 100 a shekara da ƙasashe masu arziki suka yi a taron sauyin yanayi na Kopenhagen a 2009, wanda ya kamata ya cika a 2020, sai a 2022 aka ce ya cika, kuma kaso mai yawa bashi ne. A taron Baku na 2024 aka sa sabon adadi na biliyan 300 zuwa 2035, ƙasashe masu tasowa da dama suka ce bai kama hanyar buƙatarsu ba.

Alhaji:
To idan haka ne, Malama, me zai hana ƙasar da Allah ya hore wa gas ta yi amfani da abinta kafin bashi ya yi sauƙi? Amurka da kanta da gas ta rage hayaƙinta. A 2005 kusan rabin wutarta daga kwal take, zuwa 2023 bai kai kashi ɗaya bisa biyar ba, kuma gas ne ya karɓi mafi girman kason.

Injiniya:
Gas yana rage hayaƙi idan kwal ko dizal ya kora, kuma ga ƙasar da jama'arta ke cikin duhu ba zan ce kada ta taɓa shi ba. Sharaɗin shi ne a toshe yoyo. Gas ɗin kansa iskar metan ce, wadda a cikin shekara 20 ƙarfin ɗumamarta ya ninka na kabon kusan sau 80, don haka yoyo kaɗan a rijiya ko a bututu yana cinye fifikon da yake da shi a kan kwal. Sannan tashar da aka gina yau an gina ta ne don ta yi shekara 30 zuwa 40.

Wannan tsawon ran shi ne babbar matsalar kwal ma. Tashoshin Amurka sun tsufa, matsakaicin shekarunsu ya haura 40, da yawansu sun riga sun biya bashinsu, don haka rufe su ya fi sauƙi. Na Asiya, inda mafi yawan tashoshin duniya suke, matsakaicinsu bai kai shekara 20 ba, bankuna na jiran kuɗinsu, kuma da yawa suna da kwangilar da ta tilasta wa gwamnati biya ko ta karɓi wutar ko ba ta karɓa ba. An gwada biyan kuɗin rufewa da wuri. A taron sauyin yanayi na Glasgow a 2021 aka yi wa Afirka ta Kudu, wadda kusan kashi 80 cikin ɗari na wutarta daga kwal yake, alkawarin dala biliyan 8.5, aka yi wa Indonesiya na biliyan 20 a 2022. Afirka ta Kudu ta rufe tashar Komati a Oktoban 2022, amma ƙarancin wuta ya sa ta ɗage rufe wasu tashoshin zuwa 2030, kuma a Maris ɗin 2025 Amurka ta janye daga shirin.

Malama:
Injiniya, a kan Komati akwai abin da ya kamata a tsaya a kai. An kashe injinta na ƙarshe kafin ayyukan sola da batura da horar da ma'aikatan da aka yi alkawari su kankama, mutanen garin da rayuwarsu ta dogara da tashar suka shiga wani hali, kuma hukumar sauyin yanayi ta fadar shugaban ƙasar da kanta ta amince cewa an makara wajen shiri da tuntuɓar jama'a. Ma'aikatan sauran tashoshin lardin Mpumalanga sun ga abin da ya faru, kuma ƙungiyoyinsu suna da ƙuri'a. Duk gwamnatin da za ta zo musu da maganar rufe tasha ta gaba, sai ta fara nuna musu layin wutar da aka riga aka ja, da masana'antar da ta riga ta fara ɗaukar ma'aikata, da wanda ya sa hannu zai biya ragowar bashin tashar.